Matambayi ba ya ɓata, in ya iya tambaya

Hausawa na cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Wannan karin magana ya dace da halin da ƴan kasuwa da ma'aikata da dama ke ciki a ƙasar Magarya da Dungas. Wayar salula tana aljihu, an zuba mata mega, rezo ya samu ko da mai rauni ne, takardar da ake bukata kuma tana nan ajiye a yanar gizo, amma mai nema ya duba, ya sake dubawa, ya gaji, ya ce babu. Daga nan sai ya hau mota zuwa Damagaram, ko ya aiki wani, ko kuwa ya dogara da hoton takarda da aka turo masa ta WhatsApp, wanda ba a san daga inda ya fito ba. Ta haka ne wa'adin ajiye dosiye ke wucewa, kwangila ta kuɓuce, ko a loda kaya a kan dokar da aka riga aka canza. Filin wannan mako zai duba dabarun bincike mai zurfi, watau hanyoyin da ake takura wa injin bincike har ya kawo shafin da ake so, kuma za a ɗauki Guci a matsayin misali, domin duk wahalar da ƙaramin gari ke sha a yanar gizo ta taru a kanta.

Abin da injin ya sani da wanda bai sani ba

Injin binciken da aka fi amfani da shi, watau Google, an kafa shi a Amurka a shekarar 1998. Aikinsa shi ne ya riƙa aika wasu manhajoji suna zagaya dandali-dandali, suna kwafe kalmomin da ke cikin kowane shafi, suna jera su cikin wani babban kundi. Idan mutum ya rubuta tambaya, cikin wannan kundi ake dubawa, sa'annan a jero amsoshi, a fara da waɗanda injin ke ganin sun fi shahara kuma sun fi dacewa da bukatar yawancin jama'a. A nan ne matsalar take. Yawancin jama'ar duniya ba Guci suke nema ba, kuma injin bai taɓa cin kasuwar ƙauye ba, balle ya san cewa akwai kanto da sarkinsa a kudancin jahar Damagaram.

Duk wanda ya rubuta Guci haka kawai, zai iya tarar da jakunkuna da takalman Gucci, kamfanin kayan ado na ƙasar Italiya da aka kafa a birnin Fulorans a 1921, domin injin zai ɗauka cewa kuskuren rubutu aka yi. In ya tsallake wannan, sai ya faɗa ƙasar Indunusiya, inda kalmar guci ke nufin tulu, kuma akwai wani wurin shaƙatawa mai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke da wannan suna a tsakiyar tsibirin Jaba. Laifin ba na injin ba ne. An yi masa tambaya ce mai faɗi, shi kuwa ya ba da amsa mai faɗi.

Suna ɗaya, rubutu iri-iri

Matakin farko shi ne a tuna da harshen da aka rubuta takardar da ake nema. Ko da yake kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, takardun hukuma na shekara da shekaru da Faransanci aka rubuta su, kuma da ƙa'idar rubutun Faransanci aka rubuta sunayen garuruwa. Inda Bahaushe ke sa u, Bafaranshe ou yake sawa. Inda Bahaushe ke sa c, shi tch ko ch yake sawa. Saboda haka Guci a takardar hukuma Gouchi ce, Magarya Magaria ce, Waca Wacha ce, Damagaram kuwa Zinder ce. Dungas tana da rubutu fiye da ɗaya, domin ana samun Dungass, ana kuma samun Doungass.

Akwai alamomi uku da ke warware wannan ƙulli. Ta farko ita ce alamar zance, watau ƴan sandunan nan biyu na sama da ake sakawa gaba da bayan kalma. Idan aka rubuta "Gouchi" a tsakaninsu, an gaya wa injin ke nan cewa wannan kalma ake so daidai yadda take, kada ya gyara, kada ya kawo mai kama da ita. Haka ma jimla: "commune rurale de Gouchi" za ta kawo shafukan da waɗannan kalmomi suka zo a jere, ba waɗanda suka warwatsu cikin shafi ba.

Ta biyu ita ce kalmar OR, wadda dole a rubuta da manyan baƙaƙe, ma'anarta kuwa ko wannan ko wancan. Mai neman labarin Dungas sai ya rubuta "Dungass" OR "Doungass", ya kama tsuntsu biyu a tarko ɗaya. Ta uku ita ce alamar ɗebewa ta lissafi, wadda ake mannawa a jikin kalmar da ba a so, ba tare da an bar fili ba. Guci -Gucci zai kori masu sayar da jakunkuna. Waɗannan dabaru sun girmi intanet nesa ba kusa ba, domin tushensu yana cikin lissafin hankali da wani Bature ɗan Ingila, George Boole, ya wallafa a 1854.

Alamar ɗebewa tana da amfani na musamman ga ƴan Nijar. Kalmar Niger a yanar gizo sunan ƙasa ce, sunan kogin Kwara ne, kuma sunan jiha ce a Najeriya, wadda babban birninta Minna. Mai neman farashin riɗi a Nijar zai iya ƙarewa yana karanta farashin naira a wata kasuwar da ba ta shafe shi ba. Rubuta prix sésame Niger -Nigeria yana rage wannan ruɗani. Amma fa a yi hattara, domin wuƙa ce mai kaifi biyu: za ta kuma kori duk rahoton da ya yi maganar cinikin kan iyaka, alhali ga mutumin Dungas da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wannan rahoton shi ne mafi amfani. A gwada da alamar, a sake gwadawa ba tare da ita ba, a kwatanta.

Gari bai gusa ba, taswirar mulki ce ta gusa

Bayan matsalar rubutu sai ta tarihin mulki, wadda ma'aikata suka fi kowa saninta amma sukan manta da ita a gaban waya. A shekarun 1990 Damagaram département ce, Magarya kuwa arrondissement, da sufurefe a kanta, Guci kuma kanto ce a cikinta. Dokokin 2002 suka kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓensu na farko a watan Yuli na 2004, Guci ta zama commune rurale a gundumar Magarya. A 2011 aka ƙara yawan gundumomin ƙasa daga 36 zuwa 63, Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ta ɗauki ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Malawa da Guci.

Ma'anar wannan ga mai bincike a fili take. Rahoton rijiyoyi, ko na makarantu, ko na filayen kiwo da aka rubuta kafin 2011, a ƙarƙashin Magaria zai ambaci Guci. Wanda aka rubuta bayan haka, a ƙarƙashin Dungass. Ma'aikacin da ke haɗa tarihin wani aiki, idan ya tsaya a kan suna ɗaya, rabin takardu ne kawai zai gani, kuma ba zai san akwai sauran rabin ba. Magani shi ne ya haɗa su: "Gouchi" Magaria OR Dungass.

Haka abin yake da muƙamai. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙon ƙwarya waɗanda takardu ke kira administrateur délégué. Wanda ya rubuta maire yana neman sanarwar da ta fito bayan wannan lokaci, tsofaffin labarai za su fi zo masa. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Mai bincike nagari yakan tambayi kansa tukuna: wace kalma ce mai rubuta takardar ya yi amfani da ita a shekarar da ya rubuta ta?

A shiga rumbu ɗaya, a bar sauran

Dabarar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta tsare bincike cikin dandali guda. Ana rubuta site: sa'annan a manna adireshin dandalin ba tare da fili ba. Misali, Gouchi site:lesahel.org zai kawo abin da injin ya kwafa daga jaridar gwamnati Le Sahel kaɗai. Dungass site:anp.ne zai yi haka da kamfanin dillancin labarai na ƙasa. Mai sha'awar noma da cinikin amfanin gona yana da site:reca-niger.org, dandalin haɗin gwiwar majalisun manoma, da kuma site:duddal.org, ɗakin karatun da aka tara takardun raya karkara na Nijar a cikinsa. Sau da yawa wannan hanya ta fi akwatin binciken da ke cikin dandalin kansa aiki, domin akwatunan wasu dandali ba sa duba cikin takardun da aka liƙa, kanun labari kawai suke gani.

Ana iya faɗaɗa da'irar. Adireshin da ya ƙare da .ne na Nijar ne, wanda ya ƙare da .ng na Najeriya. Ma'aikatun gwamnati da dama suna ƙarƙashin gouv.ne, kamar ma'aikatar kuɗi da hukumar haraji, don haka site:gouv.ne yana tattara su wuri ɗaya. Sai dai a lura, manyan dandalin ƙasa da yawa da .org suke ƙarewa, har da na hukumar ƙididdiga, watau stat-niger.org. Wanda ya tsaya a kan .ne kaɗai ya rufe wa kansa ƙofarsu.

Abokiyar tafiyar site: ita ce filetype:, wadda ke zaɓen irin takarda. Dokoki da rahotanni da sanarwar kwangila galibi a siffar PDF ake sa su, jadawalin alƙaluma kuwa a siffar Excel. Don haka "Gouchi" filetype:pdf zai ture labaran jarida gefe ya kawo takardu masu nauyi. Akwai kuma intitle:, wadda ke neman kalma a cikin kan shafi kaɗai. Mai neman kwangilar gina aji ko kawo kujerun lakwal zai iya rubuta intitle:"appel d'offres" Dungass, ya ga abin da ya fito. Waɗannan umarni, musamman site: da filetype:, suna aiki a wasu injuna kamar Bing da DuckDuckGo, kuma tunda kundin kowane inji daban yake, abin da ɗaya ya rasa wani na iya samunsa.

Samun takarda mataki ne, samun layin da ake so cikinta wani mataki ne. Ƙidayar jama'a ta huɗu, wadda aka yi a watan Disamba na 2012 bayan ta 1977 da 1988 da 2001, ta nuna mutane 17,138,707 a Nijar. Daga cikinta ne hukumar ƙididdiga ta fitar a 2014 da kundin garuruwa da ake kira RENALOC, mai ɗaruruwan shafuka, wanda ya jera ƙauyuka da rugage na kowace ƙaramar hukuma tare da yawan mazaunansu. Darektan makaranta da ke rubuta takardar neman ƙarin aji, ko ɗan kasuwar da ke tunanin inda zai kafa injin niƙa, yana da bukatar layi ɗaya ne ko biyu a ciki. Ba sai ya bi shafi-shafi ba. A kan kwamfuta ana danna Ctrl da F tare, a waya kuma ana taɓa alamar tabarau mai ƙara girma, ko a zaɓi Rechercher dans la page, a rubuta Gouchi, na'urar ta kai mutum wurin kai tsaye. Irin wannan babban kundi yana cin mega, don haka gara a sauke shi sau ɗaya a inda rezo ke da ƙarfi, a ajiye cikin waya.

Kwanan wata shi ne rabin labari

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a ciniki da tsohon labari. Injin bincike yakan fifita shafin da ya daɗe, wanda mutane da yawa suka ziyarta, kuma a harkar kan iyaka wannan hatsari ne. A tuna: Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, aka sake buɗe ta Maigatari ranar 16 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A watan Oktoba na 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. A ƙarshen Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya bar shafuka a yanar gizo, kuma dukansu suna nan kamar jiya aka rubuta su. Ɗan kasuwar da ya karanta na bara waccan ya ɗauka na bana ne, a bakin duwan zai gane kurensa, lokacin da mota ta riga ta sha kaya.

Tun 2019 Google ya ƙara umarni biyu don wannan: after: da before:. Ana rubuta shekara, sa'annan wata, sa'annan rana. Misali exportation céréales Niger after:2025-01-01 zai kawo abin da ya fito bayan farkon 2025. Idan aka haɗa biyun, an tsare bincike tsakanin ranaku biyu, abin da ke taimakon mai neman dokar da ya san watan da ta fito amma ya manta lambarta. Akwai kuma maɓallin Outils a ƙarƙashin akwatin bincike, inda ake zaɓen mako ɗaya, wata ɗaya ko shekara ɗaya, kuma a nan ne ake samun zaɓin Mot à mot, wanda ke hana injin gyara kalmomi. Amma kwanan watan da injin ke ba shafi kintace ne, wani lokaci ranar da aka ɗora shafin yake gani, ba ranar da aka sa hannu ba. Wajibi ne a buɗe takardar a duba kwanan da ke jikinta.

Farashin kasuwa ma haka ne. Hukumar SIMA tana bin farashin amfanin gona a kasuwannin ƙasa tana fitar da rahoto, akwai kuma takwararta mai bin farashin dabbobi. Mai karanta su ya lura da abu biyu: makon da aka ɗauki farashin, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Rahoto da kilo da tamma yake magana, kasuwa kuwa da tiya da dala. A misali, in aka ce kilon gero tamma 300, tiyar da ta kai kilo biyu da rabi ta tashi 750, watau dala 150, buhu mai kilo 100 kuma jika 30. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai ga kamar rahoton ƙarya ne, alhali ma'auni ne ya bambanta.

Ga wanda rubuta alamomi ke ba wahala

Ba kowa ne zai riƙe waɗannan umarni a ka ba, kuma allon waya ƙarami ne. Akwai shafi na musamman, google.com/advanced_search, wanda ake kira Recherche avancée, mai gurabe kamar fom ɗin biro. Gurbi ɗaya na kalmomin da ake so duka, ɗaya na jimlar da ake so daidai, ɗaya na ko wannan ko wancan, ɗaya na kalmomin da ba a so, sa'annan a ƙasa a zaɓi harshe, ƙasa, dandali da irin takarda. Mai nema ya cike, injin ya rubuta alamomin da kansa. Wanda ya duba abin da injin ya rubuta bayan ya danna, cikin ƴan kwanaki zai koya.

Wasu manyan dandali suna da nasu matatan. ReliefWeb, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 1996, yana tara rahotannin ambaliya da ƙarancin abinci da annoba, kuma yana barin mutum ya zaɓi ƙasa, ƙungiyar da ta rubuta, harshe da lokaci. Ma'aikacin lafiya ko na gidan gona da ke neman abin da aka rubuta a kan gundumarsa a wata damina, nan ya kamata ya fara. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: a fara da tambaya mai faɗi, a riƙa ƙara sharaɗi ɗaya-ɗaya. Wanda ya zuba sharuɗɗa biyar a lokaci guda, in amsa ta zo babu, ba zai san wanne ne ya toshe hanya ba.

Abin da tarko ba ya kamawa

Duk iya dabara, akwai takardun da injin ba ya gani. Saƙonnin WhatsApp ba sa shiga kundinsa. Sakamakon da sai an sa lambar ɗan takara yake fitowa, kamar na wasu jarrabawa, a dandalin hukumar kaɗai ake samunsa. Takardar da aka ɗauki hotonta a karkace, ko wadda hatimi ya rufe rubutunta, sau da yawa injin ba ya iya karanta sunayen ciki. Malami ɗan kwantaragi da ke neman sunansa cikin jerin waɗanda aka ɗauka aiki, kada ya yanke ƙauna don ya rubuta sunansa bai gani ba. Ya nemi takardar ta lambarta da kwanan watanta da sunan ma'aikatar, ya buɗe, ya bi da idonsa.

Akwai kuma shafukan da suka ɓace, ko don an sake gina dandali, ko don aikin da ya kafa shi ya ƙare. A da Google yana ajiye kwafin shafi, amma ya daina a 2024. Abin da ya rage shi ne web.archive.org, rumbun da wata cibiya ta birnin San Faransisko da aka kafa a 1996 ta buɗe wa jama'a a 2001. Ana liƙa tsohon adireshi a akwatinsa, ya nuna ranakun da ya ɗauki hoton shafin. Ba kowane shafi ya kama ba, amma ya sha ceton masu nema.

Gani ya kori ji

Babban amfanin bincike mai zurfi shi ne tantance gaskiya. Sanarwar ɗaukar ma'aikata ko ta kwangila takan zaga wayoyi, da tambari da hatimi, a ƙarshe a ce a tura kuɗin dosiye ta wata lamba. Kafin a tura ko dala, a ɗauki jimla ɗaya daga cikin sanarwar, ko lambarta, a sa tsakanin alamar zance, a nema a dandalin ma'aikatar da ake cewa ita ta fitar, da na Le Sahel, da na kamfanin dillancin labarai. In ta fito, a duba shekara, domin ƴan damfara sukan ɗauko tsohuwar sanarwa ta gaskiya su canza mata kwanan wata. In ba ta fito ba, wannan bai isa hujjar cewa ƙarya ce ba, amma ya isa dalilin a riƙe kuɗi a aljihu har a tambayi biro. Sanarwar kwangila ta gaskiya takan faɗi inda ake karɓar dosiye, da ranar rufewa da sa'arta, da takardun da ake bukata, kamar lambar NIF, rajistar kasuwanci da shaidar biyan haraji. Mai niyya ya tanadi waɗannan tun da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan a yi hattara da sababbin manhajojin da ke amsa tambaya da cikakkiyar jimla, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022. Suna da amfani wajen fassara da taƙaita doguwar takarda, amma a kan ƙaramin gari kamar Guci, inda rubutu bai yi yawa ba, sukan cike gurbi da abin da ya yi kama da gaskiya. Amsar da ba ta nuna takardar da ta fito daga ciki ba, jita-jita ce da ta sa riga. Kuma ko takardar gaskiya ce aka sauke, a gaban hukuma kwafi mai sa hannu da hatimi ne ke aiki. Zuwa da kai ya fi saƙo, sai dai wanda ya je biro da lambar doka da kwanan watanta a hannu, ba a cika ce masa ya dawo gobe ba.

Kira ga masu riƙe da takardu

Nauyi bai tsaya a kan mai nema kaɗai ba. Sakataren ƙaramar hukuma, ma'aikacin perefe da jami'in ƙungiyar agaji, su ne masu zuba hatsi a rumbun da jama'a ke ɗiba. Idan za a ɗora sanarwa, a ɗora ta da rubutun da na'ura ke iya karantawa, tare da hoton mai hatimi in ana so. A sa lamba da kwanan wata da sunan gari a kan shafi. A rubuta sunan ta hanya biyu, Gouchi da Guci, Magaria da Magarya, domin mai Faransanci da mai Hausa duk su samu. In da Hausa aka rubuta, a tuna cewa wasu na sa ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa, wasu wayoyinsu ba su da su, don haka mai nema ma ya gwada hanya biyun. Kada kuma a wadatu da tura sanarwa cikin rukunin WhatsApp, inda ƴan ciki kaɗai ke gani. Kwangilar da mutum goma suka ji labarinta ba ta yin arha kamar wadda mutum ɗari suka ji, kuma dukiyar jama'a ce ke biyan bambancin.

Ga mai karatu kuwa, abin da ake so ya riƙe bai fi a rubuta a bayan katin waya ba: sunan gari da rubutun Faransanci tsakanin alamar zance, OR don rubutu iri biyu, alamar ɗebewa don korar baƙo, site: don dandali, filetype: don irin takarda, after: don lokaci. Wanda ya koya, ya koya wa abokin rumfa da abokin biro. Allah ya ba mai nema sa'a, ya kai kowa mako mai zuwa lafiya.